Kyamarar da Ta Share Tsagar Matan Zermu

Ku da kuka zo koyon aikin nan, kowace da waya a hannu, na san abin da ke ranku. Gani kuke hoto danna maɓalli ne kawai, sauran aikin na'ura ce ke yi. Ku ajiye wayoyin tukuna, ku gyara zama. Ƙananan kyamarori uku na yi yawo da su a shekarun da ƙafata ke da ƙarfi. Biyu suna cikin wancan akwatin, ɗaya na rabu da ita, kuma za ku ji dalili.

A nan Zangon Damagaram, Habsu Mai Hoto ake ce mini. Shagon nan na kawuna ne, Isufu, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Ba sha'awa ce ta kawo ni ba. Kawu ne duk lokacin da ya je ƙauye ɗaukar hoton kartidantite, wato katin ɗan ƙasa, sai maza su yi layi, mata kuwa a ce baƙon namiji ba ya shiga cikin gida. Kullum da rabin aiki yake dawowa. Ran nan ya zo gidanmu ya ce da mahaifiyata, "Yaya, ki ba ni Habsu. Inda ba ni shiga, ita za ta shiga." Lokacin na haura talatin, turare da lalle nake sayarwa gida-gida.

Watan farko ban taɓa kyamara ba. Farin ƙyallen da ake ratayawa a bayan mutum nake wankewa, in goge, in rataya shi ba tare da ya yi ƙunci ba. In an kawo hotuna daga labo, inda ake wanke su, ni ke yanka su huɗu-huɗu da almakashi, in rubuta sunan mai shi a baya. Wannan rubutun suna kada ku raina shi. A wata na biyu Kawu ya ɗauko tsohuwar tukunyar ƙasa da wuta ta baƙanta, mai zane-zane a wuya, ya ɗora ta kan kujera a gaban farin ƙyalle, ya miƙo mini kyamara.

"Ɗauko mini zanen wuyan nan," ya ce.

Na ɗauka, ya fito baƙin dunƙule. Na matsa kusa, dunƙule. Na kunna filash, wato fitilar kyamara, tukunya ta yi ƙyalli a wuri ɗaya, zanen ya ɓace. Kwana goma ina fama da tukunyar nan, shi kuwa yana ta shan shayinsa. A rana ta goma sha ɗaya ya kira ni.

"'Yata, in kika fito daga ɗaki zuwa tsakar rana, me idonki ke yi?"

"Tsukewa yake, Kawu."

"Haka ita ma. Ta ga fari ya yi yawa, sai ta tsuke ido, abin da ke tsakiya ya yi duhu. Ba ta san tukunya kike so ba. Ke za ki faɗa mata."

Ya nuna mini wani ɗan maɓalli mai alamar ƙari da ragi. Na ƙara sau biyu, na mai da kujerar cikin inuwar bango, tukunyar na fuskantar tsakar gida inda haske ke dawowa daga ƙasa. Zanen ya fito layi-layi, har ana ƙirgawa. Ya ce fuskar mutanenmu a gaban farin ƙyalle haka take, kuma wanda bai san wannan ba, ko shekara ashirin ya yi yana dannawa, bai fara ba.

Wannan kyamarar ita muke ce wa 'Yar Toka, saboda launinta. Ku ɗauko ta ku ji nauyinta. Kauri gare ta kamar sabulun wanki, allonta na baya bai fi akwatin ashana ba, ƙarfin fitar hotonta, wanda ake ce wa megafiksal, huɗu ne kacal. Amma tana da abubuwa uku. Tana da wancan maɓallin. Tana da 'yar taga a sama da za ki kafa ido ki leƙa, ko rana ta take. Sannan pil biyu take ci, irin na tocila, wanda ko a ƙaramar kasuwar ƙauye za ki samu, sai dai ki sayi mai ƙarfi, don mai araha hoto biyar yake yi ya kwanta.

Aibinta shi ne nawa, wato jinkiri. Wani suna da na je da hantsi a cikin Birni, kakar jariri ta ɗauke shi a cinya, ya buɗe ido ya yi hamma, kowa na cewa, "Ɗauka, Habsu, ɗauka!" Na danna. Kafin 'Yar Toka ta gama shawara, yaro ya rufe ido, kaka ta juya tana amsa gaisuwa. Ƙeyar tsohuwa na kawo gida. Daga nan na koyi danna maɓallin rabi, in riƙe, in jira ta yi ɗan ƙararta ta saita, sannan in abin ya zo in ƙarasa. Yatsa kan gaji, amma hoto ba ya tserewa. Filash ɗinta ma sai kin ƙirga kusan goma kafin ya sake cika. A cikin taro, wannan jiran ne za ki cike da baki: ki gyara wa wannan ɗankwali, ki tambayi waccan lafiyar yara.

Ta biyu, Mai Dogon Hanci, na saye ta ne saboda wani magini. Ya yi wa ƙofar gidan wani attajiri ado irin na da, zane a jikin bango har can sama wajen zanko, yana son hoton da zai riƙa nuna wa masu neman aiki. Lungun ƙunci gare shi, ba wurin hawa. Ita wannan idonta kan miƙe ya fito kamar tsawon yatsa, ta janyo abu daga nesa. Ta janyo zanen kuwa, amma in kika janyo da yawa, ko numfashi kika yi hoton ya girgiza. Sai da na jingina kafaɗa da bangon maƙwabci, na ɗauke numfashi, sannan na samu uku masu kyau cikin ashirin. Pil huɗu take ci, kuma kamar wuta take cinye su. Ita ta koya mini cewa fuska ba ta son a matso ta. In kika tsaya dab da mutum, hanci ya kumbura, kunne ya gudu baya. Ja da baya taku uku, ki janyo kaɗan, fuska ta zauna yadda Allah ya yi ta. Shekara biyu ta yi mini, sai wata rana a gidan biki ta suɓuce ta faɗa cikin rairayi da hancin a waje. Tun ranar bai koma ba. Ga shi nan har yau.

Masu zuwa hoto kuwa, kowa da halinsa. Akwai mai ƙiftawa daidai lokacin da kika danna, sai ki ce ta rufe ido, in kin ce buɗe ta buɗe. Akwai amaryar da za ta ce ki ƙara mata haske, in kin ƙara ta ce ba ta gane kanta ba. Tsofaffin ƙauye su ne masu wuya, don ba su saba kallon baƙo ido cikin ido ba, sai su sunkuyar da kai. Ba a ce musu "ɗago". Tambaya za ki yi, "Iya, wane ne babba cikin jikokinki?" Za ta ɗago ta ba ki amsa, yatsanki kuma yana kan rabi.

Yanzu ta ukun. Akwai wani Bakano, Alhaji Sabo, da ke kawo kyamarori na hannu da rediyo da agogo, yana da rumfa nan Zango, yana kuma bin kasuwanni. Wata rana ya tsaya a ƙofar shago ya zaro wani abu ja daga aljihun gaba, siriri kamar madubin jaka.

"Hajiya Habsu, har yanzu wannan tubalin kike ɗauka? Nawa ne megafiksal ɗinta?"

"Huɗu."

"Wannan goma sha huɗu. Lissafa ki gani. Ba maɓalli, ba wahala, ita ke yin komai. Ta ga fuska ta kama da kanta."

Ya ɗauke ni a cikin shago ya nuna mini. Allonta ya cika bayanta duka, hoton ya fito tas, fuskata sumul, har na ga kamar an rage mini shekara goma. Kina dannawa ta ɗauka, ba jira. Na tambayi 'yar taga, ya ce an daina yayi. Na tambayi pil, ya ce batirinta na musamman ne, da kuran, wato wutar lantarki, ake cika shi. Na buɗe cikinta, rubutun ba Faransanci ba, ba Turanci ba, ba Larabci ba, wasu ƙananan gidaje ne jere. Ya ce ba na bukatar karantawa. Na ba shi 'Yar Toka, na yi ciko, na karɓi Ja. Kawu lokacin ido ya fara yi masa nauyi, yana zaune a wancan lungun. Ya shafa ta, ya juya ta, ya ce, "Ina ƙari da ragi?" Na ce ita ke yi da kanta. Ya miƙo mini abata.

Gaskiya a gidan biki Ja ba ta da ta biyu. Wata biyu 'yan mata na neman Habsu da jar kyamara, don tana goge ƙuraje, tana sa fata ta yi laushi. Ban tsaya na tambayi kaina me kuma take gogewa ba.

Shekarar ce damina ta ɗauke da wuri, gero ya tsaya bai yi ido ba. Kafin bazara ta yi nisa rumbuna sun yi fayau a ƙauyukan gabas. Masu rabon agaji suka ce mata za su rubuta, tunda su ke da tukunya, amma kowace sai da lambar kartidantite. Meri ta Zermu, wato ofishin magajin gari, ta kawo masu yin kati na 'yan kwanaki, ranar Litinin za su tashi. Akwai wani ƙauye can ciki da na saba zuwa, shugabar matansu Inna Fanna, doguwar mace mai murya. Ta aiko direba ya gaya mini mata arba'in da biyu ba su da kati, in zo da gaggawa.

Ranar Talata da hantsi kabu-kabu mai babur ya sauke ni a ƙofar gidanta. Na rataya ƙyalle a jikin danga, ƙarƙashin wani ƙaramin dogonyaro wanda inuwarsa ba ta kai tabarma biyu ba. Matan sun yi shiri irin nasu. Fararen hijabai uku ne a garin masu kyau, an wanke su fes, wadda aka ɗauka sai ta cire ta miƙa wa ta baya. Farin hijabi, farin ƙyalle, rana tana hudowa ta cikin ganye. Da 'Yar Toka ce a hannuna, da yatsana ya je ƙari tun ban yi tunani ba. Ja ba ta da inda zan danna.

Na ɗaga ta, allon nan mai faɗi ya zama madubi, fuskata kawai nake gani. Na lulluɓa mayafi a kai na leƙa, na ga hijabi, na ga akwai mutum a ciki, na ce ya yi. Wajen mace ta ashirin alamar batir ta sauko saura layi ɗaya. Garin ba kuran, batir kuma ba na biyu. Na daina dubawa, na daina maimaitawa, kowace dannawa ɗaya, ta gaba ta zauna. Na gama ta arba'in da biyu alamar na ƙifta ja. Na hau kabu-kabu ina ganin na yi dabara.

Laraba da safe mai labo ya leƙo ya yafito ni.

"Hajiya, zo ki ga aikinki."

A babban allonsa, hijabai arba'in da biyu ne fes, a tsakiyar kowanne duhu da fararen ido biyu. Ya ce zai ɗaga hasken. Ya ɗaga, fuskoki suka fito, amma sumul, kamar an shafa musu man kaɗanya an goge da tafin hannu. Matan yankin nan, musamman manya, kusan kowace da tsaga a fuska, wata a kumatu, wata a goshi, wata daga gefen ido har haɓa. Ko ɗaya ba ta fito ba. Abin da ke goge ƙurajen amare ya ɗauki tsagar a matsayin aibi, duhu ya ƙarasa sauran.

Ku ji wannan da kyau. Na gani. Na tsaya na duba, na ce a raina ai ɗan ƙaramin hoto ne, hatimi ma zai rufe rabi, lokaci kuma ya ƙure. Na yanka, na rubuta sunaye a baya bisa jerin da na ɗauka, na ba direba.

Alhamis da la'asar sai ga Inna Fanna a ƙofar shago, ƙafafunta fari fat. Ba ta zauna ba. Ta kwance ƙulli daga bakin zanenta ta zazzage hotunan a kan teburin nan.

"Habsu, su wane ne waɗannan?"

"Inna, sannu da hanya, ki zauna ki sha ruwa."

"Na sha a tasha. Tun asuba muka taka zuwa Zermu, mu arba'in da biyu, wasu da goyo, ba wadda ta karya. Mushen meri, ma'aikacin nan da ke karɓar takardu, ya ce a takarda an rubuta tsaga a kumatu, a hoto babu. Ya jera shida a tebur, ya kife sunayen, ya ce in nuna masa nawa. Habsu, ni kaina sai da na yi ta dubawa. Hijabi ɗaya, fuska ɗaya. Ya ce ba zai buga hatimi a kan wanda bai gane ba, kuma ban ga laifinsa ba."

Kawu ya miƙo hannu, na sa masa ɗaya. Ya kai shi dab da idonsa, ya daɗe.

"Kin ga haka a labo?"

"Na gani, Kawu."

"To." Ya ajiye. "Ina 'Yar Toka?"

Na ce tana wajen Alhaji Sabo. Ya ce da Inna Fanna, "Yaya, ki koma ki tara su. Za ta zo kafin Litinin." Ta dube ni, ba shi ba, ta ce, "In ba za ki zo ba ki faɗa yanzu, kada in hana su fita neman abin da za su dafa." Na ce zan zo.

Juma'a na gwada ceto Ja. Na kira wata tsohuwar maƙwabciyarmu mai tsaga, na zaunar da ita a inuwa mai kyau da baƙin mayafi. Fuska ta fito da haske, tsagar kuwa sai ɗan alama kamar an zana da toka. Na shiga cikin rubutun nan ina dannawa a makance ko zan kashe abin gogewar, na kai ta wajen wani malamin lakol, wato makarantar boko, na kai ta wajen mai gyaran rediyo, ba wanda ya iya karantawa. Na je rumfar Alhaji Sabo, a rufe. Maƙwabtansa suka ce ya fita bin kasuwanni, sai Lahadi za a same shi a Mirriya. Asabar na zaga abokan sana'a neman aro. Ranar biki ce, kowa kyamararsa na wuyansa, kuma ba wanda ke ba da abin da yake ci da shi. Sauran kyamarorin Kawu na fim ne, fim kuwa lokacin sai an aika Kano a wanke.

Lahadi na shiga motar farko ta Mirriya. Na bi layin 'yan koli, na bi na masu rediyo, sai can kusa da masu tukwane na hango shi a kan tabarma. Kafin in gaishe shi idona ya gama bin kayan. Tana can gefe, a bayan agogunan tebur.

"Hajiya Habsu, lafiya da sassafe haka?"

"Alhaji, tubalina na zo karɓa."

Ya yi dariya. "Wata biyu ina yawo da ita, ba wanda ya taya. Da sun ji huɗu sai su ajiye. Me Ja ta yi miki?"

Na zaro hoto ɗaya na ba shi, na ce matar nan tsaga shida gare ta a kowane kunci. Na gaya masa abin da ke jiran hoton. Ya daina dariya. Ya ɗauko 'Yar Toka ya goge ta da hannun riga.

"Wallahi ban san Ja tana haka ba. Ni dai na ga tana gyara mutum. Kawo ta, masu aure ba za su bar ta ta kwana ba. Je ki, rana na yi."

Na sayi pil masu ƙarfi guda takwas, na gwada ta a kan wata mai sayar da daddawa, na janyo hoton a ɗan allon na ga tsagarta. Na nemi kabu-kabu da ya san hanyar daji.

Bayan azahar muka isa. Inna Fanna ta tara su, amma ba wadda ta yi guɗa kamar ranar Talata. Wata ta ce, ba ta ko kalle ni ba, "Yau ma na wasa ne, ko na gaske?" Na ce laifina ne, ba na kyamara kaɗai ba, kuma yau kowace za ta ga hotonta kafin ta tashi. Na bar dogonyaron, na zaga gabashin ɗakin Inna Fanna inda bango ya ba da inuwa mai kauri, na rataya ƙyalle a nan. Na ce a ajiye fararen hijaban, kowace ta yafa mayafinta na kullum, ta ja shi baya goshi ya fito. Wasu suka ce ya tsufa, ya koɗe. Na ce fuskar ake nema.

Na ja baya taku uku, na janyo kaɗan, na ƙara haske, na kafa ido a taga. Danna rabi, jira, tambayi jika, ƙarasa. Kowace sau biyu. Sannan in janyo hoton a allo, in kare da tafin hannu, ni da mai shi mu ƙirga tsagar tare. Aikin da Ja ta yi cikin awa ɗaya ya ci mana har bayan la'asar sakaliya, na canza pil sau biyu. Da na duba jerin sunaye, saura ɗaya.

"Ina Iya Gambo?"

Inna Fanna ta ce tun Juma'a ta tafi. Tsohuwa ce, ita kaɗai a gida, ba ta da ko tiya. Da aka dawo da su daga Zermu ta ce ita ta haƙura da katin, ta ɗauki sandarta ta nufi garin 'yarta, tafiyar yini guda, can inda ko babur ba ya shiga da sauƙi. An aika, saƙon bai dawo ba.

Litinin ina ƙofar labo kafin ya buɗe. Wannan karon sai da na duba kowane hoto a babban allo. Na yanka a cikin mota, almakashi a cinya. Na isa Zermu ana kiran azahar, matan na zaune a inuwar bangon meri. Mushen ya riƙa ɗaga hoto, ya dubi fuska, ya dubi takarda, ya buga hatimi. Arba'in da ɗaya. Aka rufe rajista babu Iya Gambo.

Sati biyu bayan haka ta dawo, don can ma ba su da abinci. Rabon farko da na biyu sun wuce ba sunanta. Inna Fanna ce ta sa ƙwarya a tsakar gidanta, duk wadda ta karɓo sai ta zuba tafi ɗaya kafin ta wuce. Da wannan tsohuwar ta rayu har aka sake buɗe rajistar agaji. Ni kuwa labarin ya riga ni zuwa ƙauyukan da ke kewaye. Sauran shekarar, garuruwa uku da na saba yi wa aiki wani suka kira, matan suka gwammace su fito ƙofar gida namiji ya ɗauke su. Sai da aka yi girbi biyu kafin su sake aiko mini.

Iya Gambo kuwa, tun lokacin da na ji ta dawo na je na ɗauko ta da kaina na kawo ta Damagaram, don masu kati sun riga sun tashi daga Zermu. A nan na zaunar da ita, kan kujerar da waccan ta cikinku take kai. Na ɗauka, na kai labo, na dawo na miƙa mata tun kafin in yanka. Ta duba, ta gyaɗa kai.

"E, wannan ni ce." Ta ɗago ta dube ni. "'Yar nan, ina na farkon? Wanda mushe ya ƙi."

Na ce Iya, wancan ɓatacce ne, ba shi da amfani. Ta ce ita dai in nuna mata, ranar Alhamis ɗin ba ta samu ta duba shi da kyau ba aka karɓe. Na jawo ambulan daga aljihun tebur, na bi bayansu ɗaya-ɗaya har na kai sunanta. Ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa wajen haske. Ta daɗe tana kallo, ɗaya hannun yana bin kuncinta, layi bayan layi.

"Ina jaririya wanzami ya yi mini," ta ce. "Ban taɓa ganin fuskar nan ba a yanka ba. Ashe haka aka haife ni."

Ta miƙo mini sababbin.

"Waɗannan ki kai wa gwamnati."

Na farkon kuwa ta naɗe shi a bakin zanenta, ta ƙulle sau biyu, ta ɗauki sandarta ta ce mu je.